Gyaran da Ban Yi wa Malam Ba

Aikina duba makarantu ne. Shekara da shekaru ina fita daga ofishin ilimi na Ikara a kan babur, in shiga aji, in zauna a bencin baya, in ce malami ya miƙo mini littafin tsarin darasinsa. Ba yabon kai ba, an san ni. Akwai malaman da in suka hango babur ɗina daga nesa sai ciwon ciki ya taso musu. Matata kan ce ko miya aka ajiye a gabana sai na nemo mata kuskure kafin in kai loma, ban kuma taɓa musa mata ba. Na faɗi wannan tun farko ne don kada wani ya ɗauka ni mutum ne mai nauyin baki.

Karatun digiri na biyu ta intanet na yi shi, don ba ni da halin ajiye aiki in koma makaranta. Jami'ar ma sau ɗaya na taɓa ganin ƙofarta, ranar da na kai takarduna. Sauran duk a ofis na yi, bayan la'asar, idan kowa ya watse ya bar ni da kwamfuta da tagar nan ta gabas, wadda ita kaɗai sabis ke yarda ya shigo ta cikinta. Zango biyun farko ban sha wata wahala ba. Karatu ne da rubutu da jarrabawa, abin da na saba tun ina yaro.

A zango na uku muka shiga kwas ɗin tsara koyarwa. Abin da yake koyarwa a taƙaice shi ne, in za ka gina darasi, to abin da ka ce ɗalibi zai iya, da aikin da ka ba shi, da gwajin da za ka yi masa a ƙarshe, dole su bi hanya ɗaya. Sannan kada malami ya zama shi kaɗai ke da baki, a bar ɗalibai su koya daga juna. Mai kwas ɗin wata Dakta ce da ban taɓa gani ba sai a bidiyo, kuma da abin da take koyarwa ta tafiyar da mu. Ta raba mu uku uku. Kowa zai tsara darasin sati huɗu wanda za a koyar da manya ta waya, ya ɗora daftarinsa a dandalin kwas, inda duk 'yan aji ke gani. Sauran biyun su karanta, su rubuta masa duk inda ya karkace cikin kwana uku. Daga nan yana da sati biyu ya gyara, sai ya miƙa na ƙarshe. Ita ba za ta duba daftari ba, mun yi mata yawa. Ta ce mu ne idonta.

Da sunaye suka fito na ga an haɗa ni da na kusa. Ta farko wata malamar sakandare ce a Makarfi, ban san ta ba. Suna na biyu kuwa sai da na karanta shi sau uku.

Sunan Malam ne, wanda ya koyar da ni daga aji uku zuwa aji shida a ƙauyen da aka haife ni, bayan garin Ikara. Mutumin Kudan ne, aiki ya kawo shi wajenmu yana saurayi, da keke da akwatin ƙarfe. Shi ya bi mahaifina har gona, ya tsaya cikin kunyoyi yana lallashinsa ya bar ni in zauna jarrabawar shiga sakandare. Da bai yi wannan tafiyar ba, da yanzu ina can ina ba tumatir ruwa. Na san ya koma gida ya zama hedimasta, mukan kuma haɗu a wurin biki ko ta'aziyya, amma ban taɓa jin yana wannan karatun ba. Na kira shi nan take. Ni kaɗai ne a ofis, amma sai na tarar da kaina na sauka daga kujera na rusuna da waya a kunne.

"Sufeto," ya ce, don haka yake tsokanata, "ashe ajinmu ɗaya."

Bayan mun gama gaisawa, mun tambayi iyali da gona da mutanen gari ɗaya bayan ɗaya, sai ya gaya mini halin da yake ciki. Ya riga ni shiga da nisa. Sau biyu yana jingine karatun, na farko don jinyar maiɗakinsa, na biyu don aikin ido da aka yi masa. Doka ba ta ba da na uku ba. Wannan zangon shi ne damarsa ta ƙarshe, in ya faɗi kwas ko guda, za a cire sunansa. Ritayarsa kuma ta kusa. Na ce, ranka ya daɗe, me kake nema a digiri yanzu? Ya yi dariya ya ce, duk wanda aka turo ya duba makarantarsa yanzu ɗalibinsa ne ko ɗan ɗalibinsa, suna zuwa da kalmomin da bai sani ba. Yana so kafin ya ajiye alli ya san abin da suka sani.

Matsalata ta farko ƙarama ce. A dandalin nan hoton kowa 'yar da'ira ce da suna a ƙasa, babu babba babu yaro, kuma Dakta ta ce mu riƙa kiran juna da sunan yanka don mu saki jiki. In ka danna wurin ba da amsa, na'urar da kanta take ɗora sunan mutum tsirara a farkon layi. Ni kuwa tun da nake ban taɓa furta sunan Malam ba. Duk lokacin da zan amsa masa sai na fara goge sunan, harafi bayan harafi, in sa gaisuwa a wurin. Malamar Makarfi ta lura. Ta rubuto a guruf ɗinmu na waya cewa in aka ƙirga gaisuwata cikin sharhi, to ni zan zo na ɗaya a aji. Ita ma ɗin Baba take ce masa, ba ta taɓa rubuta sunan ba.

Daftarinta ne ya fara fitowa. Na zauna masa yadda na saba, na fitar mata da kurakurai tara, na jera su da lamba. Kwana biyu ba ta ce mini uffan ba. A na uku ta dawo kan nawa da goma sha ɗaya. Raina ya ɓaci sosai, har na fasa cin tuwo, ina ta faɗin yarinyar nan ba ta san wanda take magana da shi ba. Da na huce na sake karantawa, sai na ga takwas daga ciki gaskiya ta faɗa. A daftarin na ce ɗalibaina za su iya tsara jarrabawa, amma ko sau ɗaya ban sa sun tsara ba. Ni da nake kama malamai da irin wannan laifin kullum, ban gan shi a nawa ba sai da wata ta nuna mini. A ranar na yarda cewa tsarin Dakta yana aiki.

Sai na Malam ya zo. Darasi ne na koya wa sababbin malaman ƙauye yadda ake koyar da karatu a aji ɗaya. Turancinsa irin na da ne, tsaf, ya fi namu nesa ba kusa ba. Abin da ke ciki kuwa ba a littafi ake samunsa ba: yadda za ka gane yaron da ya haddace shafi bai iya karantawa ba, inda za ka zaunar da mai ƙarancin ji ba tare da ka kunyata shi ba, abin da za ka yi ranar kasuwa in rabin aji bai zo ba. Ina karantawa ina jin muryarsa. Amma ginin darasin, daga farko har ƙarshe, Malam ne ke magana, ɗalibai na saurare suna kwafa. Babu wuri ko ɗaya da mutum biyu za su haɗu su yi aiki. Ya ce a ƙarshe malaman za su iya koyar da karatu, gwajin kuma ya ce su lissafo matakai bakwai daga ka. Jadawalin makin da Dakta ta ba mu yana buɗe a gefe, kuma fiye da rabinsa a kan waɗannan abubuwa biyu yake. Tun kafin in kai shafin ƙarshe na san in ya miƙa shi haka ya faɗi.

Malama ta kira ni da yamma.

"Ka ga na Baba?"

"Na gani."

"To?"

"To ki rubuta mana. Ai na ga hannunki da kaifi."

"A'a, Sufeto. Baba sa'an mahaifina ne. Kai ne ɗalibinsa, kai ne kuma babba a kaina. Ka fara, in biyo bayanka."

Na ce mata ba a haka. Wannan dandalin kasuwa ne, mutane daga ko'ina suna karantawa. Ba zan tsaya gaban baƙi in jera wa wanda ya koya mini riƙon fensir kurakuransa da lamba ba. Babba a gida ake samunsa, a zauna, a gaisa, a kawo maganar ta gefe, har ya zama kamar shi ya gano da kansa. Na ce ranar Asabar zan je Kudan da ƙafata. Ta ce hakan ya yi, ta ji daɗi ma. Sai dai wa'adin sharhi kwana uku ne, Asabar kuma tana bayansa, dole a rubuta wani abu a wurin. Na rubuta cewa aikin ya nuna zurfin gogewa, mu yara muna da abin koya a ciki, sai 'yan waƙafi da suka zame a shafi na huɗu. Malama ta rubuta kusan haka. A raina wannan riƙon wuri ne kawai, gyaran gaske yana tafe.

Ranar Asabar na rubuta abubuwa biyar a 'yar takarda, na ninke na sa a aljihun gaba. Na sayi lemo da goro, na kama hanya da hantsi. Lokacin saran rake ne, daga Makarfi zuwa gaba motoci ne a jere ana loda musu, hayaƙin masu dafa mazarƙwaila yana tashi daga cikin gonaki. Duk tsawon hanyar ina maimaita yadda zan fara. Zan ce ni ma Malama ta kama ni da laifi kaza, sai na ga kamar duk mu ukun abu ɗaya ke damunmu. Na ma shirya inda zan yi dariya.

Na tarar da zauren cike. Na gaya masa ina zuwa, shi kuma ya gaya wa mutane. Ga limamin unguwa, ga ƙanensa, ga wasu dattawa biyu da suka yi aikin koyarwa tare. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa na bi su ɗaya bayan ɗaya. Malam ya nuna mini gefen tabarmarsa, na ƙi, na zauna a ƙasa kusa da ƙofa.

"Ga shi nan," ya ce musu. "Na karɓe shi bai iya rubuta sunansa ba, yau ajinmu ɗaya a jami'a."

Sai ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya ciro takarda. Sharhina ne. Ya aika an bugo masa shi a shagon kwamfuta da manyan haruffa saboda idonsa. Ya gyara tabarau, ya karanta musu layi layi, yana mayarwa da Hausa. Da ya zo wurin zurfin gogewa sai ya dakata ya dube su.

"Wannan da kuke gani ba ya yabon kowa. Ku tambayi malaman Ikara. In ya ce abu ya yi, to ya yi."

Liman ya ce madalla, Allah ya yi albarka. Dattawan suka ce amin. Ni kuwa kaina na ƙasa, ina jin takardar aljihuna kamar garwashi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma kowa a wurin ya ɗauka kunyar yabo ce.

Aka kawo dambu da zogale, aka kawo fura. Aka yi azahar, aka dawo aka ɗora hira a kan taki da farashin rake da wanda ya rasu da wanda ya yi aure. Ina ta jiran zauren ya rage, in ɗaya ya tashi sai wani ya shigo. Bayan la'asar na ce zan kama hanya. Malam ya taso ya raka ni har inda na kafe babur, mu biyu kaɗai, a gindin wata darbejiya. Ya sa an ɗaure mini rake da ƙunshin mazarƙwaila a baya, ya ja igiyar da kansa ya ga ta ɗauru. Sannan ya rage murya.

"Sufeto, tsakanina da kai. Babu wani abu da ka gani?"

Ƙofar da na yi tafiyar nan dominta ke nan, shi da kansa ya buɗe mini ita. Na dubi furfurarsa, na dubi takardar sharhina da har lokacin take hannunsa, na tuna fuskokin mutanen da ya karanta wa ita. Na ji bakina yana cewa, "Sai dai shafi na huɗun nan, Malam."

"Wannan na gyara tun shekaranjiya," ya ce. "Allah ya kiyaye hanya."

A Makarfi na tsaya shan mai, na yi wa mai sayarwar faɗa kamar zan cinye shi, wai ya ɗiga mini a kan tanki. Da na isa gida matata ta ga raken ta yi murna, ta ga fuskata murnar ta koma ciki.

Sauran kwanakin ba ni da abin da zan kare kaina da shi a cikinsu. Sau nawa na nemo lambarsa na ajiye wayar. Na rubuta saƙo mai tsawo na goge. Na ce gobe, goben ta zo na ce ai yau Juma'a ce, ba ranar ɓata wa dattijo rai ba. Na fara lallashin kaina cewa wataƙila Dakta za ta ga darajar abin da ke ciki ta yi masa sassauci, alhali ni da kaina ban taɓa yi wa kowa irin wannan sassaucin ba. Da Malama ta tambaye ni yadda muka yi, na ce mata mun yi magana. Ta ce alhamdu lillahi, nauyi ya sauka. A satin nan na shiga wata makaranta na sa wata sabuwar malama kuka a kan tsarin darasinta. Da na ba matata labari ta ce, "Kai dai ƙarfinka a kan na ƙasa yake." Na tashi na bar mata ɗakin.

Haushina duk na juye shi a kan Dakta da tsarinta. Ina cewa duk wanda ya zauna ya tsara wannan abin bai taɓa cire takalmi a ƙofar zaure ba. Ya ɗauka in ka mayar da mutane 'yan da'ira masu girma ɗaya a fuskar kwamfuta, shi ke nan sun zama sa'o'in juna. Ya ɗora rayuwar karatun mutum a kan cewa na kusa da shi zai gaya masa gaskiya a bainar jama'a, bai tambaya ko akwai wanda ba zai iya ba. Da an ɓoye sunaye, da na rubuta wa Malam goma sha biyar ban ji komai ba. Har yau ina ganin akwai gaskiya a wannan, na kuma rubuta shi a takardar jin ra'ayi ta ƙarshen kwas. Amma a gindin darbejiyar nan babu Dakta, babu dandali, babu baƙo ko ɗaya.

Sakamako ya fito ana gab da azumi. Bayanin Dakta a buɗe yake ga 'yan rukuni. Ta ce a cikin duk abin da ta karanta babu wanda ya kai na Malam sanin aji, amma tsarin bai cika sharuɗɗan kwas ba. Ta ce waɗannan kurakurai ne da ya kamata a kama tun a daftari, ta kuma rage mana maki ni da Malama a kan sharhin da muka yi. Duk da ragin mun haye. Malam bai haye ba. Washegari na duba guruf ɗinmu na waya na ga ya fita, bai bar ko kalma ba.

Malama ba ta yi dogon gaisuwa ba da ta kira.

"Ka ce mini kun yi magana."

"Mun yi."

"A kan me?"

"A kan shafi na huɗu," na ce.

"Da ka ce mini ba za ka iya ba, wallahi da na rufe ido na rubuta. Ya ji haushina na wata ɗaya, ya huce. Ni ka fitar mini da tara ko ƙifta ido ba ka yi ba, don ni ba kowa ba ce a wurinka." Sai ta ƙara da cewa, "Ni ma da laifina, na laɓe a bayanka. Amma ni ban yi maka ƙarya ba."

Tun daga ranar magana tsakaninmu ba ta wuce ta aiki ba, har muka gama.

Sati uku ban kira Malam ba. Na ce sai ya huce, alhali tsoro nake ji. Shi ya kira ni, wata safiya ina shirin fita. Ya ce in na sami sarari in leƙo. Ban je ofis ba ranar.

Wannan karon zauren babu kowa. Yana zaune ya miƙe ƙafa, carbi a hannu, ya rame kaɗan, ko azumi ne ko idona ne. Muka gaisa, bai rage komai a gaisuwar ba, har yaran gidana sai da ya tambaya ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Abin da Daktar nan ta rubuta, ka gan shi tun farko?"

"Na gani, Malam."

"Ranar da ka zo nan ka riga ka gani?"

"Shi ya kawo ni."

Ya daɗe yana jan carbi. Na fara cewa kunya ce, da girmansa, da mutanen da ke zaune a ranar, ya ɗaga hannu na yi shiru.

"Ka san yadda aka yi muka faɗa rukuni ɗaya? Ba dace ba ne. Da na ga sunanka a jerin 'yan aji, ni na rubuta mata na roƙa a haɗa mu. Na san hannuna ya tsufa. Shekara talatin da wani abu ina koyarwa iri ɗaya, na san akwai abin da ba na gani, ban dai san mene ne ba. Na ce a duk ajin nan mutum ɗaya na sani da ba zai bar ni in fita da riga a birkice ba. Da na ga ka yaba, sai na ce ashe tsorona ne kawai." Ya gyara zama. "Da na sani da na bari an jefa ni cikin baƙi."

Na so ya yi mini faɗa. Na so ya zage ni, ya kore ni, ko ya ce kada in sake taka masa gida, da na fi samun sauƙi. Bai ɗaga murya ba ko kaɗan. Na ce ya yafe mini, ya ce ya yafe tun kafin in zo, ba don wannan ya kira ni ba.

"Yanzu faɗa mini. Ita ta rubuta nata a dunƙule da Turancin jami'a. Kai faɗa mini dalla-dalla, yadda kake faɗa wa malaman Ikara."

"Malam, ai yanzu babu amfani."

"Na shiga don in sani ne. Takardar ta wuce ni, sanin kuma kana riƙe da shi. Ba ni abina."

Haka na zauna a ƙasa, kaina a sunkuye, na faɗa masa. Na ce ya yi alkawarin malaman za su iya koyarwa, amma bai sa kowa ya koyar ba. Na ce maimakon su lissafo matakai, kowa ya ɗauki muryarsa a waya yana koyar da yaro ɗaya na minti biyar, ya tura wa abokansa biyu su saurara su gaya masa inda ya yi sauri. Na ce labarin ranar kasuwa kada ya ba su amsarsa, ya jefa musu shi su yi gardama tukuna, sannan ya faɗi yadda shi yake yi. Da farko muryata ba ta fita, sai da ya ce in ɗaga. Yana saurare ido a rufe, yana gyaɗa kai. Sau biyu ya tsayar da ni ya yi tambaya, sau ɗaya ya ce a'a, wannan ba zai yiwu a ƙauye ba, ya kawo wanda ya fi nawa. Kafin in kai na biyar shi yake ƙarasa mini magana. Duka duka ba mu yi rabin awa ba.

"Shi ke nan?" ya ce.

"Shi ke nan, Malam."

Ya buɗe ido ya dubi yatsunsa, yana lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi.

"Kwana huɗu da sun ishe ni, Sufeto," ya ce. "Sati biyu na yi a zaune a nan ina murna."